Wayar wuta: yadda za ku zaɓi kaurin da ya dace da kayan da kuke kunnawa

 

A sanyin bara an kira ni in yi tafinta a wani gida da gobara ta ci. Aikina ke nan: jami'ar kariya ta yi tambaya da Faransanci, in juya wa mutane da Hausa, in kuma mayar mata da amsarsu. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Amma ɗaki biyu sun ƙone ƙurmus, da buhunan gero, da tufafi, da takardun rajistar iyalin gaba ɗaya. Maigidan ya yi ta rantsuwa cewa a daren ba a hura wuta ba, ba a kunna kyandir ba, ba a kuma shiga da garwashi ɗaki ba. Gaskiya ya faɗa. Da mai aikin wuta ya tona toka, sai ya zaro wata siririyar waya, irin wadda ake ɗaura wa lasifikar rediyo. Ita aka ja daga batirin sola zuwa inbata, inbatar kuma tana ba talabijin wuta, ana kuma cajin wayoyin maƙwabta a kanta. An bi da wayar ta cikin zana, kuma babu fiyus ko ɗaya. Da aka nuna wa maigidan, sai ya ce da ni: "Malam, ai wutar batir ba ta kama mutum. Da hannuna nake taɓa ta."

Haka yawancinmu muka ɗauka. Wutar batir ba ta jan mutum, wannan gaskiya ne. Amma ita ce ta fi buƙatar waya mai kauri, kuma idan ta samu siririya tana iya mayar da ita ja kamar ƙarfen maƙeri. Ni ba mai aikin wuta ba ne. Na zauna da masu kula da sola ta famfon ruwa da fitilun hanya, na yi ta tambaya har na gane, na kuma ba su wannan rubutu suka duba lissafinsa kafin a buga. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Me ya sa waya take yin zafi?

Ku tuna ranar rabon abinci. Idan mutum goma za su shiga ta ƙaramar ƙofa, za su wuce salin alin. Idan mutum ɗari suka taso wa ƙofar nan lokaci ɗaya, sai matsi, sai gumi, har ƙofar ta ɓalle. Haka lantarki yake a cikin waya, ko kuran kamar yadda mutanen nan suke faɗa. Ƙarfen da ke cikin roba shi ne ƙofar. In ya yi siriri kuma wutar da ke bi ta yi yawa, sai ya ɗau zafi.

Zafin kuma ba a hankali yake ƙaruwa ba. Idan kuka ninka wutar da ke bin waya sau biyu, zafin zai ninka sau huɗu. Idan kuka ninka ta sau uku, zafin zai ninka sau tara. Shi ya sa waya za ta yi shekara tana aiki lafiya da ƙwan fitila biyu, ranar da aka ƙara mata talabijin da fanka sai ta narke. Robar da aka lulluɓe yawancin wayoyin kasuwa da ita an yi ta ne don ta jure zafin da bai wuce digiri 70 ba. In ana wuce haka sai ta yi laushi, ta bushe, ta tsage. Daga nan ƙarfe biyu su haɗu, tartsatsi ya tashi. A gidan zana da tamfol da bunu, lokacin iskar hunturu, tartsatsi ɗaya ya isa.

Kalmomi uku da za ku gani a jikin kaya

Ku juya bayan talabijin, ko fanka, ko cajar waya, za ku ga lambobi da haruffa. Uku ne suka shafe mu.

Bolt, ana rubuta shi da harafin V. Shi ne ƙarfin da ke tura wutar, kamar tsawon tankin famfo da ke sa ruwa ya fito da ƙarfi. Batirin sola da na mota bolt 12 ne. Janareta da wutar gari, a Nijar da Najeriya, wajen bolt 220 ne.

Wat, ana rubuta shi da W. Shi ne yawan wutar da abu yake ci don ya yi aikinsa. Ƙwan fitila na zamani yana cin wat 3 zuwa 7. Dutsen guga yana cin wat 1000 ko fiye.

Amfiya, ana rubuta ta da A. Ita ce yawan wutar da ke gudana a cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bin tiyo. Ita ce ke sa waya zafi, don haka da ita ake zaɓen waya.

Lissafin guda ɗaya ne: ku tara wat na duk kayan da za su yi aiki lokaci ɗaya a kan wayar, ku raba da bolt. Abin da ya fito shi ne amfiya.

Ga abin da maigidan nan bai sani ba. Kayan da ke cin wat 60, idan a janareta aka kunna su, 60 a raba da 220, bai kai kashi ɗaya cikin uku na amfiya ɗaya ba. Idan a batir aka kunna su, 60 a raba da 12, amfiya 5 ke nan. Kaya iri ɗaya, amma a batir wutar da ke bin waya ta ninka sau 18. Saboda haka wayar da ta ishi mai janareta ba lalle ta ishi mai batir ba.

Yadda ake gane kaurin waya

Kaurin roba ba shi ne kaurin waya ba. Ƙarfen ciki ake aunawa, da ma'aunin da ake kira milimita murabba'i, ana rubuta shi mm². Waya ta ƙwarai takan zo da lambar a rubuce a jikin robar, tana maimaituwa daga farko har ƙarshe. A nan Nijar da waƙafi ake rubutawa, 1,5 ko 2,5. A Najeriya kuma da ɗigo, 1.5 ko 2.5. Duk abu ɗaya ne. Idan kun ga 2 x 1,5, ana nufin waya biyu ne a cikin riga ɗaya, kowace ɗaya da rabi. A shago kuna iya cewa kawai a ba ku "ɗaya da rabi", "biyu da rabi", "huɗu" ko "shida".

Don ido ya saba: waya mai ƙarfe guda ta 2.5, idan aka feɗe robar, kaurinta ya kusa na tsinken ashana. Ta 1.5 ba ta kai haka ba. Ta 4 ta ɗara shi kaɗan.

Wasu wayoyin suna zuwa da lissafin Amurka, za ku ga lamba da haruffa AWG. Wannan a juye yake: in lambar ta ƙaru, wayar ta ƙara siriri. Lamba 18 wajen 0.8 ce, lamba 16 wajen 1.3, lamba 14 wajen 2, lamba 12 wajen 3.3, lamba 10 kuma ta ɗan wuce 5. Kada mai shago ya ce muku 18 ta fi 12 girma.

Tambaya ta farko: za ta ɗauki wutar ba ta yi zafi ba?

Ga iyakar amfiyar da ya kamata a ɗora wa wayar jan ƙarfe ta gaskiya. Ku kwafe wannan a takarda ku liƙa kusa da batir.

- 0.75: amfiya 6
- 1.5: amfiya 10
- 2.5: amfiya 16
- 4: amfiya 20
- 6: amfiya 32
- 10: amfiya 40
- 16: amfiya 60

Akwai abin lura. Masu ƙera waya suna yin lissafinsu ne a kan iska mai zafin digiri 30. Kowa ya san Afrilu da Mayu a jihar Maraɗi, zafi yakan wuce digiri 40, ƙarƙashin kwano ko tamfol kuwa ya fi haka. A digiri 40 ƙarfin ɗaukar waya yana raguwa da kashi 13 cikin 100. A digiri 50 yana raguwa da kusan kashi 30. Haka nan idan aka ɗaure wayoyi da yawa wuri ɗaya, ko aka bi da su ƙarƙashin katifa, zafin ba ya samun hanyar fita. Don haka idan lissafinku ya zo dab da iyaka, ku hau zuwa waya ta gaba.

Tambaya ta biyu: wutar za ta isa inda ake so da ƙarfinta?

Duk mita ɗaya na waya yana cinye wani abu daga ƙarfin wuta. A janareta, in bolt biyu suka ɓace cikin 220, ba wanda zai lura. A batir, in bolt biyu suka ɓace cikin 12, talabijin zai mutu, fitila ta dushe, fanka ta yi ta juyi kamar mai jin barci. Sai mutum ya ce batir ya lalace, ya ci bashi ya sayo sabo, alhali laifin waya ne.

A wutar batir mai bolt 12, abin da ake so shi ne kada asarar ta wuce wajen rabin bolt. Ga hanya mai sauƙi: ku auna nisa daga batir zuwa kayan da mita, ku ninka da amfiya, ku raba da 15. Abin da ya fito shi ne kaurin da kuke buƙata. In bai faɗa daidai kan lambar da ake sayarwa ba, ku ɗauki ta sama da shi. Nisan tafiya kawai za ku auna, an riga an sa na dawowa a cikin lissafin. Ku auna ta inda wayar za ta bi, da hawanta da saukarta. Wanda ba shi da abin awo, babban taku ɗaya na namiji ya kusa mita ɗaya.

Tambayoyin nan biyu kowace za ta ba ku amsa. Wadda ta fi kauri ita za ku saya.

Misalai huɗu daga gidajenmu

Na farko, fitilu da caji. Ƙwai uku masu wat 5, da cajar waya mai wat 10. Jimla wat 25. A raba da 12, amfiya 2 da ɗan kai. Nisa mita 6. Shida sau biyu 12, a raba da 15, bai kai 1 ba. Waya 1.5 ta wadatar, har da sauran wuri in an ƙara ƙwai ɗaya.

Na biyu, talabijin da fanka masu aiki da batir kai tsaye. Talabijin wat 40, fanka wat 20. Jimla 60, amfiya 5. Batir yana wani ɗaki, nisa mita 10. Ta fuskar zafi ko 1.5 za ta ɗauka. Amma 10 sau 5 hamsin, a raba da 15, ya ba da 3.3. Sai a sayi 4. Da a ce an ja wannan layi da 0.75, fiye da bolt biyu za su ɓace a hanya, kusan kashi ɗaya cikin biyar na cajin da rana ta tara muku zai tafi a ɗumama waya. Yanzu ku duba wata dabara. In aka matso da batirin ya zama mita 4, huɗu sau biyar 20, a raba da 15, ya ba da 1.3. Waya 1.5 ta isa. Sau da yawa matso da batir ya fi sayen waya mai kauri sauƙi a aljihu.

Na uku, daga farantin sola zuwa kwantirola, wato akwatin da ke daidaita caji. Faranti mai wat 100 yana ba da wajen amfiya 6 in rana ta take. Lambar tana rubuce a takardar da ke bayansa. Nisa mita 8. Takwas sau shida 48, a raba da 15, ya ba da 3.2. Nan ma 4 ake so. Gidaje da yawa da na shiga, siririyar waya ce a wannan wuri, suna kuma kukan batir ba ya cika. Wannan waya a rana take wuni, don haka a nemi baƙa mai riga biyu wadda aka yi don waje.

Na huɗu, inbata. Nan ne haɗarin ya fi yawa, kuma shi ne ya cinye gidan da na ba ku labari. Inbata tana ɗaukar bolt 12 ta mayar da shi 220, ita ma tana cin nata a hanya. Saboda haka a nan da 10 ake rabawa. Inbata mai wat 300 in an cika mata kaya tana jan amfiya 30 daga batir. Waya 6 tana dab da iyakarta, gara a sa 10. Mai wat 500 tana jan amfiya 50, sai waya 16. Kuma a ajiye ta kusa da batir, kada wayar ta wuce mita ɗaya ko ɗaya da rabi. In talabijin yana nesa, a tsawaita wayar da ke fita daga inbata, ɓangaren 220, a bar ta batir gajeriya. Ku tuna fa, wutar da ke fitowa daga inbata tana kisa kamar ta janareta.

Masu janareta da masu shago

Masu cajin waya, masu aski, masu sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara, lissafinku iri ɗaya ne, amma da 220 za ku raba wat. Kayan shago masu jimlar wat 880 amfiya 4 suke ja, 1.5 ta isa. A wajen nisa kuma, mita sau amfiya a raba da 300. Misali wanda ya ja layi daga babban inji mai nisan mita 80, yana cin amfiya 8: tamanin sau takwas 640, a raba da 300, ya ba da 2.1. Sai ya sayi 2.5.

Firiza da duk wani abu mai mota a ciki, lokacin da zai tashi yana fizgar wuta ninki da yawa na abin da aka rubuta. In waya ta yi siriri, wuta ba ta isa ba, sai ya yi ta gurnani ya kasa tashi har kwamfiresa ta ƙone. A ƙara masa mataki ɗaya a kan abin da lissafi ya bayar. Dutsen guga da hitar dafa ruwa kuwa kada a haɗa su a soket ɗaya da wasu kaya. Doguwar wayar soket da ke naɗe, a warware ta gaba ɗaya kafin a ɗora mata kaya masu nauyi, domin a naɗe zafi yake taruwa a tsakiyarta. Shi kuma inji a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga. Hayaƙinsa yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Kada kowa ya ja wuta daga fitilar hanya ko daga sola ta famfo. An auna wayoyinsu daidai da aikinsu. In suka ƙone, unguwa gaba ɗaya ce za ta rasa ruwa, mata da 'yan mata kuma su koma zuwa bayan gida cikin duhu. Wanda yake so ya ja layi zuwa gidan maƙwabci ya fara sanar da shugaban unguwa, a turo mai aikin wuta ya duba.

Wayar jabu a kasuwa

Duk lambobin da na kawo na jan ƙarfe ne na gaskiya. A kasuwa akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ido ba ya bambancewa. Alminiyam yana ɗaukar wajen kashi 60 cikin 100 ne kawai na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa yake ɗauka, yana kuma saurin karyewa da sakin haɗi. Akwai kuma wadda aka cika wa roba, ƙarfen ciki 'yan silalla, aka rubuta 2.5 a jiki. Araha ba ta ado. Kafin ku biya, ku roƙi mai shago ya yanko muku ɗan guntu ku gwada.

Ku kankare sili ɗaya da wuƙa. In ciki ja ne kamar waje, jan ƙarfe ne. In fari ya fito, alminiyam ne.

Ku ƙona bakin silallan da ashana ko laita. Jan ƙarfe zai yi baƙi ko ya yi ja, amma zai tsaya a miƙe. Na jabu zai lanƙwashe ya yi laushi nan da nan, in an taɓa ya marmashe.

Ku kara masa maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika. Jan ƙarfe ba ya kamawa. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa fenti, kada ku saya ko kyauta ce.

In naɗi guda za ku saya, ku sa a ɗora a sikeli. Mita 100 na waya guda ta 2.5, jan ƙarfenta kaɗai ya kai kilo 2.2, ban da roba. Ta 1.5 kuma kilo 1.3. In naɗin duka da robarsa bai kai haka ba, an rage wani abu, ko kauri ko tsawo.

Fiyus shi ne mai gadin waya

Ko kun sayi waya daidai, wata rana ɓera zai ci roba, ko akuya ta ja, ko yaro ya ɗora cokali a kan batir. In waya biyu suka haɗu, batir yana iya turo ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido, ba wayar gida da za ta jure. Fiyus ɗan ƙarfe ne da aka yi don ya riga waya ƙonewa, ya yanke wutar. Kuɗinsa bai kai na katin waya ba.

A sa shi a wayar da ta fito daga kan batir mai alamar +, kusa da batirin, kada ya wuce tsawon taƙi ɗaya. Lambarsa ta ɗan fi amfiyar da kayanku ke ja, amma kada ta wuce iyakar wayar da ke cikin jerin da na bayar. A misali na biyu, kaya na jan 5, fiyus mai 7.5 ko 10 ya yi. Fiyus na mota yana aiki a nan, kuma launinsa yana nuna ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Inbata tana buƙatar nata babba daban, a tambayi mai aikin wuta.

In fiyus ya ƙone, magana yake yi muku. Ku nemo dalili kafin ku sa wani. Kada a maye gurbinsa da ƙusa, ko silin waya, ko takardar kwalin taba. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi ya bar ƙofa a buɗe.

Haɗi da hanyar da waya ke bi

Waya mai kyau da mugun haɗi ita ma tana tayar da wuta. Inda aka murɗa waya biyu da hannu aka naɗe da leda, nan zafi yake taruwa, ledar kuma ita ce makamashi. A yi amfani da 'yar mahaɗar nan ta roba mai kusoshi, wadda masu aikin wuta a nan suke kira domino, a ɗaure sosai. A kan batir a sa maɗauri mai noti, a daina rataya waya haka nan. Kada a yanke rabin silallan waya don ta shiga rami, yin haka mayar da ita siririya ne. Kuma layi ɗaya da aka haɗa da guntaye daban daban, ƙarfinsa na guntun da ya fi siriri ne.

Kada waya ta taɓa zana ko bunu. In dole ta ratsa, a zura ta cikin bututun roba ko guntun tiyo. Haka ma inda za ta bi bakin kwano, domin iska tana kaɗa ta, kwanon yana yankan robar a hankali. Kada ta bi ƙarƙashin tabarma ko katifa, kada a yi shanya a kanta. A ɗaga ta inda hannun yaro da bakin dabba ba sa kaiwa. Batir a ɗora shi a kan katako ko bulo, inda iska ke shiga, a rufe kawunansa, a nisanta shi da murhu da taba, domin mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji.

Ku gwada yau da dare

Ku kunna duk kayan da kuka saba kunnawa tare, ku bar su rabin awa. Sannan babban mutum ya taɓa robar wayar batir da bayan hannu, ya bi ta har inda aka yi haɗi. A ɓangaren janareta ko bayan inbata, a kashe tukuna sannan a taɓa. Ɗumi kaɗan ba komai. In ta yi zafin da ba za a iya riƙewa ba, ta yi ƙanƙanta. Sauran alamomin su ne warin roba, roba mai laushi ko mai tsagewa, baƙi a bakin soket, da fitilar da ke dushewa duk lokacin da aka kunna talabijin. In kun ga ɗaya daga ciki, ku rage kaya a daren nan, da safe ku nemi mai gyara. Iyaye mata, ku ne kuka fi wuni a gida, ku kuka fi saurin jin warin. Kada ku jira sai maigida ya dawo, ku san inda ake cire wayar batir.

In wuta ta riga ta tashi, a fitar da yara da tsofaffi da marasa lafiya tukuna, a yi kururuwa maƙwabta su ji. A kashe inji, ko a cire wayar batir in ana iya isa gare ta ba tare da shiga wuta ba. Kada a watsa ruwa a kan wayar da ke da wutar 220, a zuba yashi. Kowane gida ya ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa. In wuta ta kama mutum ta riƙe, kada a taɓa shi da hannu, a kashe inji ko a ture wayar da busasshen icce. Ƙuna kuma a zuba mata ruwa mai tsabta na minti 20, kada a shafa man goge baki ko manja ko ƙwai, a wuce asibitin sansani.

Takardun rajista da katin rabo da takardun haihuwar yara, a sa su a gwangwani mai murfi, nesa da batir, inda za a iya ɗauka da gudu. Mai babbar waya ya ɗauki hotonsu. Wanda nasa suka ƙone ya zo teburin kariya a rubuta, ba a biyan ko dala.

Mun baro gidajenmu ba da son ranmu ba, abin da muka tara a nan kuma da wahala muka tara shi. Ɗakunanmu a manne suke da juna, wayar maƙwabcinka ta shafe ka kamar taka. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda lissafin ya rikice masa ya rubuto wat na kayansa da nisan wayarsa a takarda, ya kawo wa shugaban unguwa ko ya same ni a teburin kariya, mu kai wa masu aikin wuta tare. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya mayar da mu gida lafiya. Amin.